Yadda ake zana mutum irin na bangon kaburburan tsohuwar Masar

Mai zane a tsohuwar Masar ba ya zana mutum yadda ido ke hango shi daga wuri guda. Kowace gaɓa yana ɗauko ta ne ta fuskar da aka fi gane ta, sannan ya harhaɗa. Tun allon dutse na Sarki Narmer, wajen shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), haka salon yake. Wanda bai riƙe wannan ba, komai iya zanensa, abin ba zai fito na Masar ba.

A tanadi takardar A4, rula, fensir ja da baƙi. A tsayar da takardar a tsaye, a ja mata layuka irin na gidan dara, kowane gida santimita ɗaya da rabi. Su Masarawa zare suke tsomawa cikin jar ƙasa, su ɗaure shi tamau a jikin bango, su ja su saki, ya bar layi. Layin ƙasa shi ne sifili, nan tafin ƙafa zai zauna. Daga nan a ƙirga gida 18 zuwa sama, wato santimita 27, a sa lamba a gefen kowane layi.

Layi na 18 ba tsakiyar kai ba ne, goshi ne, daidai inda gashi ya fara. Nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe: su cusa kan gaba ɗaya ƙarƙashin 18, sai mutumin ya fito da ɗan kai kamar an danne shi. An tsaya a goshi ne saboda gashi da kambin sarauta tsawonsu ya bambanta, ba a awo da su.

Kafin a zana komai, a ɗiga alamomi da ja. Saman gwiwa a layi na 6, ƙasan ɗuwawu a na 9, lanƙwasar baya a wajen na 11, gwiwar hannu a na 12, hamata tsakanin 14 da 15, mahaɗar wuya da kafaɗa a na 16, ƙasan hanci a kusa da na 17. Faɗin kafaɗun namiji gida shida ne, na mace wajen biyar, kuma lanƙwasar bayanta ta ɗan fi tasa hawa. Tsawon tafin ƙafa gida uku.

Sai haɗa jiki. Mutumin ya fuskanci dama, don shi ne ɓangaren da suka fi so. Kai a zana shi ta gefe, hanci da leɓe su fito sarai, amma ido cikakke, mai dogon layin kwalli, kamar yana kallon mai kallo. Kafaɗu biyu a buɗe ta gaba. Daga ƙugu zuwa ƙasa a koma gefe. Wurin da ya fi wuya shi ne tsakanin hamata da ƙugu, inda jikin ke juyawa ba tare da an ga juyin ba. Dabarar ita ce a matsar da cibiya kusa da layin ciki na gaba, kada a sa ta a tsakiya. In ta zauna a tsakiya, ƙafafun sai su zama kamar na wani aka liƙa.

Ƙafar da ke nesa da mai kallo, wato ta hagu, ita ce a gaba, kuma duka biyun a shimfiɗe a kan layin ƙasa. A tsohon salo ana nuna su ne ta ɓangaren babban yatsa, har ka ɗauka ƙafa ɗaya aka maimaita. Kada a gyara, ba kuskure ba ne. Mace kuwa ƙafafunta a kusa da juna suke.

In an gama da ja, a bi da baƙi ana daidaita layi. Haka ake gani a kabarin Fir'auna Horemheb da ke Kwarin Sarakuna kusa da Luksor, inda aikin ya tsaya ba a ƙarasa ba: jan zanen farko yana nan, gyaran baƙi a kansa.

Launi a shafa shi bai-ɗaya, ba inuwa, ba haske. Fatar namiji ja mai duhu, ta mace rawaya-rawaya. Wanda ke son gwada na asali ya niƙa jar ƙasa lukui, ya tankaɗe, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, baƙin kuma daga kunkunniya. Ƙaro in ya yi yawa fentin ya tsattsage bayan ya bushe, in ya yi kaɗan ya kakkaɓe a hannu, don haka a fara gwadawa a gefen takarda.

Gida 18 ɗin na mutum ne a tsaye. Na zaune gida 14 ne daga tafin ƙafa zuwa goshi. A zamanin Fir'auna Akhenaten an ƙara na tsaye zuwa 20, wuya da gangar jiki suka yi tsawo, daga baya can kuma aka koma 21, ana tsayawa a fatar ido ta sama. In an ga hoton da awonsa ya ƙi hawa kan 18, a fara duba zamaninsa kafin a zargi rula.