Yadda Ake Gano Inda Ginin Manhaja Ya Maƙale a Harshen C

A ɗakin koyon kwamfuta da nake kula da shi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo, aikin da ɗalibai suka fi daɗewa a kansa shi ne wata ƙaramar manhaja da muke kira rijista, wadda ke adana sunayen manoman rani da adadin buhunan takin da kowa ya karɓa daga ƙungiya. Da harshen C muke rubuta ta, wato harshen da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs ta ƙasar Amurka wajen 1972, muna gina ta, wato mu mayar da rubutun manhaja mai aiki, da GCC a kan Ubuntu (wani nau'in Linux), bayanan kuma laburaren SQLite ne ke riƙe su, laburare kuwa tarin ayyuka ne da aka riga aka rubuta domin wasu manhajoji su yi amfani da su. Na lura cewa rubuta manhajar ba ya cin lokacin ɗalibi kamar yadda gina ta ke ci, domin da zarar jajayen layuka sun cika fuskar kwamfuta, sai ya kama sauye-sauye ko'ina ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa a wane mataki aikin ya tsaya ba. Wannan tambaya ita ce ginshiƙin duk abin da zan bayyana.

Umarnin gcc guda ɗaya ne a ido, amma ma'aikata huɗu ne ke miƙa wa juna aiki a ƙarƙashinsa. Na farko yana bin layukan da suka fara da #include, yana ɗauko fayilolin heda, wato masu ƙarewa da .h, yana zuba su cikin rubutunka. Na biyu shi ne kwamfaila, wanda ke duba nahawun rubutun ya juya shi zuwa harshen da ke kusa da na'ura, na uku kuma ya mayar da wannan zuwa fayil mai ƙarewa da .o. Na huɗu shi ne linka, mai suna ld, wanda ke ɗinke waɗannan fayiloli da laburaren da suka dogara da su har a sami manhaja guda. Akwai kuma na biyar wanda ba ya cikin ginin, wato mai lodawa, wanda ke nemo laburare a duk lokacin da aka kunna manhajar. Kowane ɗayansu da irin kukansa, kuma maganin da ke yi wa ɗaya aiki ba ya taɓa matsalar ɗayan.

Kafin komai, ka koma kan kuskuren farko ka bar na ƙarshe, ko da shi ne idonka ya fara gani. Waƙafi mai ruwa (;) guda ɗaya da aka manta a fayil ɗin heda yana iya haifar da layuka hamsin na ƙorafi, waɗanda duk za su ɓace idan an gyara na farkon. Idan layukan sun yi yawa har sun gudu sama, ka ƙara -fmax-errors=1 a umarnin gcc domin ya tsaya a na farko, ko ka kwashe duk abin da ya fito zuwa fayil ta hanyar rubuta make 2>&1 | tee kuskure.txt, sannan ka karanta a natse (make manhaja ce da ke kiran gcc a madadinka bisa umarnin da aka rubuta a fayil mai suna Makefile). Layin nan da ke cewa "collect2: error: ld returned 1 exit status", wanda ɗalibai suka fi kwafowa su kawo mini, amfaninsa ɗaya ne tak: yana shaida cewa kwamfaila ya gama nasa lafiya, linka ne ya gaza. Ainihin dalilin yana layin da ke samansa.

Saƙon da sabon ɗalibi ya fi cin karo da shi shi ne "fatal error: sqlite3.h: No such file or directory". Wannan kukan ma'aikaci na farko ne, kuma yana rikita mutane saboda sukan duba su ga cewa SQLite na nan cikin kwamfutar. Gaskiya ne yana nan, amma Ubuntu da Debian suna raba kusan kowane laburare gida biyu. Ƙunshin libsqlite3-0 yana ɗauke da abin da manhajojin da aka riga aka gina ke bukata don su yi aiki, shi kuwa libsqlite3-dev shi ke ɗauke da fayil ɗin heda da sauran kayan gini. Saboda haka sai ka rubuta sudo apt install libsqlite3-dev, domin apt, manhajar girka ƙunshi, ta sauko maka da shi. A Fedora, wani nau'in Linux, irin waɗannan ƙunshi da -devel suke ƙarewa. Idan kuma da hannu ka ajiye hedar a wata folda, sai ka nuna wa gcc wurin da tutar -I (tuta ita ce 'yar kalmar da ake ƙara wa umarni, mai farawa da alamar -), ka biyo ta da hanyar foldar.

Da an wuce nan sai a faɗa mataki na huɗu, inda nake so mu ɗan daɗe, domin a nan ne mutane suka fi ɓata kwanaki. Saƙon kan zo kamar haka: "undefined reference to `sqlite3_open'". Ɗalibi zai ce ai ya riga ya sa #include, me kuma ake nema? Abin da nake gaya musu shi ne, fayil ɗin heda tamkar katin rabon taki ne: yana ɗauke da suna da adadi, yana kuma tabbatar da cewa akwai buhu a wani wuri, amma katin ba ya shiga gona. Buhun yana sito, wato cikin laburaren, kuma dole a gaya wa linka sunan siton. Umarnin da ya cika shi ne gcc rijista.c -o rijista -lsqlite3. Ƙa'idar sunan kuwa ita ce a cire lib daga farko da .so daga ƙarshe, abin da ya rage a manna masa -l.

Wurin da aka ajiye tutar ma yana da hukunci. Linka yana karanta umarni daga hagu zuwa dama, yana riƙe da lissafin sunayen da ya gani ana nema amma bai samu ba tukuna. Idan ya iso kan laburare alhali lissafin nan babu komai, sai ya wuce shi kamar ba a bukatarsa, kuma ba ya waiwayowa. Shi ya sa a Ubuntu, gcc -lsqlite3 rijista.c yana faɗuwa da saƙon da muka gani, alhali kalmomin nan dai idan aka juya su suna ginuwa lafiya. Fayilolinka su zo da farko, laburare a bayansu, idan kuma wani laburare ya dogara da wani, mai dogaron ya riga wanda ake dogaro da shi.

Haka abin yake ga ayyukan lissafi irin su sqrt da pow, waɗanda ke bukatar -lm. Akwai wani tarko a nan da ya taɓa kama ni: idan ka rubuta sqrt(16.0) da lamba tsayayya, kwamfaila yakan yi lissafin da kansa tun lokacin gini, manhajar ta ginu ba tare da -lm ba, sai ranar da ka sa adadin da mai amfani zai shigar sannan kuskuren ya bayyana, ka yi ta mamakin abin da ya canza. Wanda kuma ya rubuta C++ ya gina da gcc maimakon g++ zai ga tulin irin wannan saƙo a kan std::cout, domin g++ ne ke haɗo laburaren C++ da kansa. Idan saƙon ya zama "cannot find -lsqlite3", to an faɗi sunan siton amma linka bai san unguwar ba: ko ƙunshin -dev bai shiga ba, ko ana bukatar tutar -L da hanyar foldar. Maimakon kirdado, umarnin pkg-config --cflags --libs sqlite3 zai buga maka tutocin da suka dace da kwamfutarka.

Akwai kurakuran da laifinsu na muhallinmu ne, kuma littattafan koyarwa ba su cika kula da su ba. Wata rana da yamma wata ɗaliba ta kira ni, ta ce: "Malam, na gyara lissafin buhunan sau uku, amma har yanzu tsohon adadi yake bugowa." Na zauna na duba, gyaranta daidai ne, sai dai duk lokacin da ta rubuta make yana amsa mata da "is up to date". Da na rubuta date, sai ga kwamfutar tana ikirarin muna wata shekara da ta daɗe da wucewa. Tsohuwar kwamfutar tebur ce 'yar Kwatano, ƙaramin batirin da ke riƙe agogonta ya mutu, don haka duk lokacin da batirin sola ya sauka ta mutu, sai agogon ya koma baya. Shi kuwa make, tun da Stuart Feldman ya rubuta shi a 1976, da lokacin da aka taɓa fayil yake aiki: idan fayil ɗin .o ya fi na .c sabunta a agogo, ba ya sake gina shi. Gyaran da ta yi yau ya ɗauki kwanan watan shekarun baya, saboda haka make ya ɗauke shi tsoho.

Idan ka ga gargaɗin "Clock skew detected", to wannan ciwon ne. Ka gyara agogo da timedatectl, ka rubuta make clean, ka sake gini daga tushe, sannan ka nemi batirin CR2032 ka canza, wanda masu gyaran agogo da masu sayar da kayan kwamfuta ke da shi. Agogon da ya koma baya yana kuma sa apt ya ƙi karɓar jerin ƙunshi yana cewa "not valid yet", yana sa takardun shaidar shafukan intanet su zama kamar na bogi, har mutum ya ɗora laifin a kan kamfanin layinsa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar gini ma takan bar fayil ɗin .o rabi da rabi, linka ya ce "file not recognized", kuma make clean ne maganinsa. Idan a tsakiyar girka ƙunshi wutar ta ɗauke ko data ta ƙare, ka fara da sudo dpkg --configure -a, ka bi shi da sudo apt --fix-broken install, kafin ka gwada girka wani abu sabo.

Kwamfutar da ram ɗinta bai wuce giga 2 ko 4 ba takan kashe kwamfaila a kan babban aikin C++, da saƙon "Killed signal terminated program cc1plus". Babu kuskure a rubutunka. Ka rufe burauza, ka gina da make -j1 domin a riƙa yin fayil ɗaya a lokaci guda. Shi kuwa "missing separator" a Makefile kusan kullum yana nufin an fara layin umarni da tazara maimakon maɓallin Tab, abin da ke yawan faruwa idan an kwafo rubutu daga WhatsApp.

Wani lokaci kuma rubutun bai canza ba, kwamfaila ne ya ƙara tsanani. Tun daga GCC 10 na shekarar 2020, tsofaffin manhajojin da suka ayyana ma'ajiyar gama-gari (global variable) a cikin heda ba tare da kalmar extern ba sun fara faɗuwa da "multiple definition of". GCC 14 na 2024 kuma ya mayar da kiran aikin (function) da ba a gabatar da shi ba daga gargaɗi zuwa cikakken kuskure. Akwai tutocin da ke maido da tsohon hali, kamar -fcommon, amma ni ban cika son ɗalibi ya fake da su ba sai idan rubutun na wani ne kuma ana sauri. Idan naka ne, sa extern da #include ɗin da ya ɓace aikin minti biyar ne.

Saura mai lodawa. Manhaja ta ginu, ka kwafe ta a filash ka kai wa sakataren ƙungiya, ya kunna, sai ta ce "error while loading shared libraries". Ka rubuta ldd ./rijista a kwamfutarsa, za ka ga jerin laburaren da take nema, da "not found" a gaban wanda babu. Idan da hannu aka girka laburaren a /usr/local/lib, sau da yawa sudo ldconfig kaɗai ya isa. Wanda ya fi wuya shi ne "version `GLIBC_2.34' not found", wanda ke fitowa idan an gina a Ubuntu 22.04 mai glibc 2.35, wato babban laburaren harshen C, aka kai wa kwamfuta mai Ubuntu 20.04 wadda ke da 2.31. Manhajar da aka gina da tsohuwar glibc tana aiki a kan sabuwa, amma akasin haka ba shi da tabbas. Kada ka yi gangancin musanya glibc da hannu, domin kusan kowane umarni a kwamfutar da ita ya dogara, kuma kana iya wayar gari ko ls ba ya tashi. Ka gina a kan kwamfutar da ta fi tsufa cikin waɗanda za su yi amfani da manhajar.

Ga wanda sabis ke masa wuya, SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fara fitarwa a shekarar 2000, yana zuwa a wani zubi da aka tattara dukkansa cikin fayil ɗaya mai suna sqlite3.c tare da hedarsa. Idan ka sauko da su sau ɗaya ka ajiye a foldar aikinka, umarnin gcc rijista.c sqlite3.c -lpthread -ldl -lm -o rijista zai dasa laburaren cikin manhajar, ba sai an girka komai a kwamfutar sakatare ba. Ga sauran ƙunshi, ranar da ka shiga Hadejia ko Dutse ka sami sabis mai ƙarfi, ka yi amfani da sudo apt-get install --download-only, ka kwashe fayilolin .deb daga /var/cache/apt/archives zuwa filash, amma ka tuna cewa sai kwamfutoci masu sigar Ubuntu iri ɗaya za su amfana da su.

Idan duk ka bi waɗannan bai warware ba har ya kai ga neman taimako, kada ka ɗauki hoton fuskar kwamfuta da waya, domin rabin layin yakan yanke kuma mai taimakonka ba zai iya kwafar komai daga hoto ba. Ka tura masa rubutu: umarnin da ka buga kamar yadda yake, kuskuren farko da layuka biyu ko uku da ke kewaye da shi, abin da gcc --version da lsb_release -a suka buga, da kuma abu na ƙarshe da ka taɓa kafin ginin ya daina tafiya.