Yadda Shugaban Gundumar Ilimi Zai Kai Sabon Tsari Har Cikin Aji

Shugaban da ke kula da makarantu da yawa a ƙarƙashin hukuma ɗaya yana iya sa hannu a kan sabon tsari cikin yini guda, amma tsarin ba ya fara aiki sai ranar da malami ya sauya yadda yake koyarwa. Saboda haka, kafin a buga takardar umarni, ya kamata a sami amsar tambayoyi biyu: me malami zai riƙa yi wanda ba ya yi a da, kuma wa zai tsaya masa har ya iya?

Abu na farko shi ne a tantance matsalar kafin a nemo maganinta. A duba sakamakon jarrabawa da rajistar halartar ɗalibai, sannan shugaba ya shiga azuzuwa da kansa ya zauna ya saurara, domin alƙaluma suna nuna inda rauni yake ne kawai, ba sa faɗin dalilinsa. Abin da ya faru a Los Angeles ta Amurka ya isa misali. A 2013 gundumar ilimi ta birnin ta fara raba wa ɗalibai ƙananan kwamfutocin hannu na iPad a wani shiri da aka ƙiyasta zai ci fiye da dala biliyan 1, alhali manhajar darussan ba ta kammala ba, malamai kuma ba su sami isasshen horo ba. Cikin 'yan kwanaki wasu ɗalibai suka gano yadda za su cire matakan tsaron da aka sa wa na'urorin. A 2014 aka dakatar da kwangilar sayen na'urorin, shugaban gundumar, John Deasy, ya yi murabus. An sayi kaya ne tun ba a yanke shawarar abin da za a koyar da su ba.

Daga nan sai a taƙaita buri. Lardin Ontariyo na Kanada, tun daga 2003, ya riƙe manufofi kaɗan na tsawon shekaru, wato karatu da rubutu, da lissafi, da kammala sakandare, kuma adadin masu kammalawa ya tashi daga kashi 68 cikin ɗari zuwa sama da kashi 80. A ganina, abin da ya fi wa shugabanni wuya a nan shi ne soke tsohon aiki. Duk sabon nauyin da za a ɗora wa malami, a faɗi a fili wane rahoto ko wane taro aka sauke masa, in ba haka ba zai cika fom don a rabu lafiya, ya ci gaba da abin da ya saba.

Shugabannin makarantu su ne mahaɗa tsakanin gunduma da malamai, don haka a fara da su. Wanda bai gamsu ba ba zai fito ya ce ya ƙi ba; zai dai jinkirta, malamansa kuma su fahimci saƙon. A zauna da su, da wakilan ƙungiyar malamai, da iyaye, tun ana iya gyara tsarin, kuma a nuna musu wurin da shawararsu ta sauya wani abu. Gwajin farko ya kasance a makarantu kaɗan, amma kada a zaɓi waɗanda suka fi ƙwazo kawai, domin abin da ya yi aiki a hannun gwanaye ba lallai ne ya yi aiki a makarantar da ke fama da ƙarancin malamai ba.

Horo kuwa, taron bita na kwana biyu ba ya sauya ɗabi'ar koyarwa. Malami yana buƙatar ya ga an yi darasin a gabansa, ya gwada da ɗalibansa, wani ƙwararre ya kalla ya ba shi gyara guda ɗaya da zai iya aiki da shi, sannan a dawo a sake dubawa. Wannan mai jagorar kada ya zama shi ne mai rubuta rahoton ƙarin girma, saboda babu wanda zai bayyana rauninsa ga mai hukunta shi. Lokacin wannan aiki kuma a sa shi cikin jadawalin mako, kada a bar shi ga sa-kai bayan an tashi.

A sanar da hukumar gudanarwa tun farko cewa sakamako yakan ɗan ja baya kafin ya tashi, domin mutane sun bar abin da suka iya sun kama wanda suke koyo. Masanin ilimi Michael Fullan ya daɗe yana jan hankali a kan wannan. A zangon farko, abin aunawa shi ne ko ana aiwatar da tsarin: azuzuwa nawa suka fara, kayan aiki sun isa, malamai nawa aka ziyarta. Makin ɗalibai sai daga baya. Idan kuma da kuɗin tallafi aka fara shirin, a rubuta tun yanzu layin kasafin da zai ɗauke shi bayan tallafin ya ƙare, a kuma horar da mataimaka a kowace makaranta waɗanda za su ci gaba da shi idan an yi wa shugabanta canjin wurin aiki.