Kurakuran da Ake Yi Wajen Gyaran Fallen Katako a Tsofaffin Kayan Ɗaki

Yawancin tsofaffin tebura da kabad ba da katako mai tsada aka yi su har ciki ba. Katakon gama-gari ne, aka liƙa masa siririn falle na mahogani ko wani ice mai kyan zane a sama. Fallen zamani kaurinsa kusan milimita 0.6 ne kacal. Na da, wanda aka yanka da zarto, ya ninka shi kauri, amma shi ma siriri ne.

Babban kuskure shi ne mutum ya ga fallen ya kumbura sai ya sa wuƙa ya ɓanɓare. Kafintocin da, da gam ɗin fatar dabbobi suke liƙi, wanda zafi da danshi ke narkar da shi. Shimfiɗa tsumma a kan kumburin, ka ɗora dutsen guga mai ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, ka danne da abu mai nauyi har ya huce. Sau da yawa aikin ke nan. In ya ƙi kwanciya, tsaga shi da reza ta bin jijiyar katakon, wato layukan da ke bin tsawon icen, ka zura gam da sirinji. Kada ka manta da sa leda tsakanin fallen da guntun katakon da za ka matse da shi, in ba haka ba ka wayi gari su biyun sun zama abu guda.

Gam ɗin roba irin na masu gyaran takalmi, a ganina, bai da gurbi a nan. Yana taɓawa ya kama, ba damar gyara zaman fallen, kuma wanda zai sake gyara bayanka zai sha wuya kafin ya cire shi. Wasu kuma kan zuba sabon gam a kan busasshen tsoho da ƙura. Kankare tsohon tukun.

Wajen faci ake gane gwani. Faci mai kusurwa huɗu tun daga ƙofa ake hango shi, domin yankan da ya gitta jijiya ba ya ɓuya. Yanke shi da tsini a bakin nan biyu, kamar kwale-kwale. Ɗora sabon fallen a kan wurin da ya lalace, jijiya ta bi jijiya, ka yanka su tare da reza ɗaya don su dace daidai. Gutsattsarin da suka faɗo kuwa a adana su, ba sabon fallen da zai kai su kama da asalin.

Samfefa a yi ta da hannu. Injin gogewa kan cinye fallen nan take, musamman a gefuna, katakon ciki ya bayyana. Launi kuma a gwada a kan ragowar falle tukuna, a fara da mai haske, don duhunta abu ya fi haskaka shi sauƙi.