Ku naɗi muryar kaka tun tana raye

Jama'a in kuna da kaka a gida, ku kunna rikoda ta waya ku naɗi hirarta. Kyauta ne. Ku gaya mata tukuna, sannan a kifa wayar gefen tabarma, don kyamara na sa tsohuwa kunya ta yi shiru.

Kada ku ce "Inna shekarunki nawa", ba ta ƙirga ba. Ku bi ta da abin da ya faru. Kakata ta Wurno na tambaye ta ina take da anka kashe Sardauna, tana gyaran wake a faifai ta ce tana goyon ɗanta na biyu, kun ga 1966 ke nan. Haka ma zuwan naira 1973, rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na uku 1988. Da waɗannan munka gano shekarar aurenta da haihuwar iyayenmu kusan duka, Allah ya jiƙanta, yanzu muryar nan ce muke ji in kewa ta taso.

Jika ya fi dacewa ya yi tambayar, saboda wasan da ke tsakani.

Inda dabarar ba ta aiki: ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗan fari ba, wannan sai ƙanwarta. In mantuwa ta fara kama ta za ta riƙa haɗa zamani, kada ku matsa mata.

Kuma ku tura muryar zuwa imel ɗinku ranar da kuka naɗa, waya na ɓacewa.