Canza amortisa da robobin lam na tsohuwar Hilux

Hilux ɗina mai shan gazuwal ta hannu na saye ta, kuma hanyar Tanut ta gama cinye mata ƙafafu. In ka danna bayan mota ka saki, ta yi ta rawa ba ta tsaya ba, ko ka ga mai na tsiyaya jikin amortisa (ƙarafan da ke hana mota rawa in ta taka gargada), to sun mutu.

Nemi wuri mai tauri, ban da rairayin Damagaram da ke haɗiye kirik, abin ɗaga mota. Ka toshe tayoyin gaba da dutse, ka ɗaga, ka tokare shasi (ƙashin motar) da katako mai kauri. Kada ka shiga ƙarƙashi kirik kaɗai na riƙe da ita, don Allah. Noti masu tsatsa kuwa, tun da dare nake jiƙa su da gazuwal.

Amortisa biyu ake canzawa tare, dama da hagu. Ka duba robobin kan lam ma (lam su ne dogayen ƙarafan da ke ɗauke da nauyin bayan mota). In sun tsattsage, fidda su ka sa sabbi.

Ga inda yaran garaji ke kuskure: suna ɗaure notin robobin tamau mota na sama. Sauke ta tukuna, nauyinta ya zauna, sannan ka matse, in ba haka ba robar ta murɗe ta yage. Bayan tafiya ɗaya zuwa Mirriya, sake bin notin da kile, abin ɗaure noti.