Yadda za ka tantance labarin "zogale na gyara maniyyi"

'Yan uwa na Agege da Idi-Araba, in an turo maka a WhatsApp wai masana sun gano zogale ko citta na maganin rashin haihuwar maza, kar ka ruga kasuwar Mile 12 tukuna, fara duba a kan wa aka yi gwajin. Galibi ɓeraye ne, fararen nan da ake kira Wistar. Ana ba su magani mai ƙarfi irin cyclophosphamide na kansa wanda ke lalata maniyyi, sai a ɗura ma wasunsu ruwan ganyen a ga ko sinadaran kariya da ke ciki za su rage ɓarnar, daga baya a ƙirga maniyyin.

Duba awon kuma, miligiram kaza ne a kowane kilo na nauyin ɓera, ba cokali biyu na mai magani a tasha ba.

In likita ya ɗora ka kan magani kar ka daina ko ka haɗa da ganye sai ka tambaye shi. In matsalar haihuwa ce ke damunka, gwajin maniyyi ake fara yi, LUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Legas) ma suna yi, ka yi kwana 2 zuwa 7 ba ka kusanci iyali ba kafin ka je.