Yadda za ka gyara poyin na ƙaramin layin dogo idan jirgi ya fara tsayawa ko sauka a kansa

Duk wanda ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan katako a gida, irin na girman da ake kira OO ɗin nan da Turawan Ingila suka fi so ko HO, ya san cewa miƙaƙƙen layi ba ya cika ba da wahala, rigimar duk a poyin take, wato mararrabar nan da jirgi yake canja hanya. Kuma abin da yake damuna shi ne da yawan mutane da poyin ya fara gardama sai su kawo sukundireba su ɓamɓare shi gaba ɗaya su sayi sabo, alhali galibi datti ne kawai ko wuta ce ba ta ratsawa. Don Allah kar ka cire shi tukuna, ɓamɓarar poyin da aka riga aka zuba wa tsakuwa da gam yana lalata layin da ke gefensa ma.

Abu na farko, ka rage gudu sosai, ka sunkuya idonka ya zo daidai da layin, ka haska tocila, ka tura kan jirgin a hankali ya bi ta kai. Ka lura da daidai inda abin yake faruwa. Tsayawa yake yi cak? Ko tayar ce take hawa ta sauka? Ko kuwa wutar layin gaba ɗaya ce take ɗaukewa? Kowanne da maganinsa, in ka haɗa su wuri ɗaya za ka yi ta gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Mu fara da tsayawa don ita ta fi yawa. A yawancin poyin na kamfanonin Peco da Hornby, yadda suke fitowa daga kwali, wuta tana shiga harsunan nan biyu masu motsi ne ta hanyar taɓa gefen layin da ke tsaye, shikenan, taɓawar nan ita ce hanyar wutar. Toh ka ga ƙura kaɗan ko ɗigon fenti ko busasshen gam ya shiga tsakaninsu, wuta ta yanke. Mu da muke fama da ƙurar hunturu kuwa wannan kullum ne, in ba ka rufe layin da ƙyalle ba kwana biyu ya isa. Ka samu auduga irin ta goge kunne ka jiƙa da sipirit, isopropyl ya fi don ba ya barin komai in ya bushe, ka goge cikin gefen layin daidai inda harshen yake kwanciya, da bayan harshen shi ma. Wata dabara mai kyau, ka yanki ƙaramar farar takarda mai ɗan kauri ka ɗiga mata sipirit, ka sa ta a tsakani, ka rufe harshen a kanta ka ja a hankali, za ka ga baƙin layi ya fito a jikin takardar, ka yi ta maimaitawa da sabon wuri har ta fito fes. Sanfefa kam a'a, kar ka kusanto da ita, tana karce ƙarfen ne kuma karcen nan shi zai riƙa tara datti gobe. Mai ma haka, kar ka fesa komai, mai da ƙura in sun haɗu sai su zama danƙo.

In ka goge bai daina ba sai ka ɗauko mitar auna wuta. Ka kunna wuta, ka ɗora tsinke ɗaya a layin waje na ɗaya gefen, ɗayan a kan harshen da ya kamata ya samu wuta, a DC, wato tsarin da ƙarfin wutar layi yake ƙara wa jirgi gudu, ya kamata ka ga wajen bolt 12 in ka ƙure gudu, ka bi a hankali har ka iso inda mita ta koma sifiri, nan ciwon yake. Sau da yawa ma ba poyin ɗin ba ne, ƴan ƙarafan nan ne masu haɗa layi da layi suka saki, ka ɗan matse su da filaya, ko mafi kyau ka liƙa siririyar waya da dalma a gefen layin ta waje ka zura ta ƙarƙashin katako zuwa babbar waya. Ka yi sauri da ƙarfen dalmar don robar ƙarƙashin layi ba ta jure zafi.

Sai maganar furog, wurin nan mai siffar V da layuka biyu suke gittawa. A nan dole ka san wane iri gare ka. Insulfrog na Peco da na Hornby na seti bakin V ɗin roba ne, babu wuta a wurin sam, shi ya sa ƙaramin kan jirgi mai taya huɗu yake mutuwa a kai in yana tafiya a hankali, taya ɗaya tana kan roba, in ɗayar ta ɗan ɗaga ko tana da datti shikenan. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, abin yi shi ne ka wanke tayoyin jirgin da ƴan tagullan da suke gogar bayan taya suna ɗaukar wuta, sannan ka ɗora rula ta ƙarfe a kan poyin ɗin ka gani ko a shimfiɗe yake, don ƙusa ɗaya da aka buga da ƙarfi tana iya lanƙwasa shi. Electrofrog kuma V ɗinsa ƙarfe ne mai wuta, jirgi yana wucewa sumul, amma yana da sharaɗi, layuka biyun da suke fita daga V dole ka sa musu mahaɗin roba, in ka sa na ƙarfe kuma akwai wuta ta bayansu, kana juya poyin sai shot, wato wutar layuka biyu ta haɗu ta ɗauke. Mafi yawan masu cewa sabon Electrofrog ɗinsu ya zo a lalace wannan ne kawai. Gyara mai ɗorewa a gare shi kuwa, wanda ni shi nake ba kowa shawara tun kafin a kafa shi, ka juya bayansa ka yanke ƴan wayoyi biyun da suka haɗa furog da layukan harsuna, ka haɗa kowane harshe da layin wajen da ke kusa da shi da waya, sannan furog ɗin ka ba shi wuta ta makunnin da ke jikin motar poyin, wato na'urar da ke juya shi, don ya riƙa canjawa tare da ita. Daga nan wuta ba ta ƙara dogara da taɓawar harshe ba. Unifrog da suka fito da shi daga baya ya zo da rabin aikin nan a gama, wayar furog tana nan a rataye sai ka haɗa in kana so.

Masu DCC, wato tsarin sarrafa jirage na dijital, su suka fi jin shot don na'urar tana yanke wuta nan take. In a Insulfrog ne kuma daidai bayan bakin robar yake faruwa, faffaɗar taya ce take taɓa layuka biyu lokaci guda inda suka matso juna. Ka shafa jan farce marar launi ɗan siriri a kan layukan biyu a wurin, milimita biyu zuwa uku, ka bar shi ya bushe. Yana gogewa da tafiya sai ka sake.

Sauka daga layi kuwa, kafin ka zargi poyin ka duba ko tarago ɗaya ne kullum yake sauka. In shi kaɗai ne toh laifin tayarsa ne. Tazarar da ke tsakanin bayan taya da bayan ɗaya tayar a OO ya kamata ta kasance wajen milimita 14.5, a layin da faɗinsa 16.5 ne, akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa don wannan. In ta matse, tayar za ta hau ƙaramin layin tsaro ta yi tsalle, in ta buɗe da yawa leɓenta zai daki bakin V. Ka riƙe tayoyin biyu ka murɗa a hankali kana ja ko turawa har awon ya shiga daidai. In kuma kowane tarago sauka yake yi, duba harshen, ya kwanta luf a jikin layi ko akwai ɗan tsaga? Ƙwayar tsakuwa ɗaya tak a ƙarƙashin sandar da ta haɗa harsunan ta isa ta hana shi rufewa, ka zaƙulo ta da allura. In bakin harshen ne ya karkace ka daidaita shi da hantsaki kaɗan kaɗan, siriri ne sosai.

Akwai kuma ɗan sufurin, wato siririyar waya mai tsalle, da ke tsakiyar sandar nan a poyin na Peco, shi ne yake sa ka ji ƙas in ka juya. In ka tura harshe ya tafi laƙwas babu ƙarar nan, sufurin ya fita daga raminsa ko gam ya riƙe shi. Ana ɗaga ƙaramin murfin da ke kansa a mayar da shi, amma ka shimfiɗa farin ƙyalle ka sa yatsa a kai don in ya yi tsalle ba za ka ƙara ganinsa ba, ana sayar da sabonsa daban dai.

In da hannu poyin yana juyawa lafiya amma mota ta kasa, sai ƙugi kawai take yi, leƙa ƙarƙashin katako. Motoci irin PL-10 ko SEEP so suke tsinkensu ya tsaya tsakiyar ramin daidai lokacin da harsuna suke tsakiya, in ya goga gefen katako ko motar ta ɗan karkace ba za ta kai ƙarshe ba, ka sassauta sukurori ka gyara mata zama. Kuma wuta suke so ta taɓa su ta saki, in ka danne makunni ka riƙe za su ƙone, shi ya sa ake sa wata ƴar na'ura da ake kira CDU a tsakani, yana tara wuta ya harba musu sau ɗaya da ƙarfi sannan ya kare su daga ƙonewa, kuma ka yi amfani da waya mai ɗan kauri in nesa ce. Motoci masu tafiya a hankali irin Tortoise da Cobalt su kuma ba sa shiri da sufurin nan, ka cire shi gaba ɗaya, motar da kanta za ta riƙe harshen a manne.